Rafinmu na ja baya tun da aka fara wankin zinare: ku yaya kuka auna naku?

Manomin rani daga yankin Anka:
Assalamu alaikum. Ina noman albasa da tattasai a bakin wani rafi. Shekara biyu ke nan da masu wankin zinare suka sauka sama da mu, suka jefa injunan jan ruwa. A da ruwan nan yakan kai mu tsakiyar bazara, bana kuwa sanyi bai gama fita ba muka fara tonon yashi. Da muka kai kuka gaban dagaci sai suka ce damina ce ba ta yi kyau ba. Na rasa ta cewa, don ba ni da shaida sai idona. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya faɗa mana yadda ya yi.

Tsohon mai karanta ma'aunin ruwa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekaru ina wannan aiki a gindin gada, safe da yamma. Abu na farko, wuri biyu za ka auna: sama da injunansu, da kuma ƙasa da inda ruwan wankinsu ke dawowa. In damina ce, duka biyun za su ragu tare. In injuna ne, na sama zai tsaya yadda yake, na ƙasa ya faɗi.

Ka nemi inda rafin ya miƙe, ba kwana ba gurbi. Ka auna mita 10, ka saki lemo ɗaya a tsakiyar ruwa, ka duba agogo. A ce ya yi sakan 20, to gudunsa rabin mita ne a sakan. Amma ruwan da ke saman rafi ya fi na can ƙasansa sauri, don haka muke ɗaukar kashi 8 cikin 10, ya zama 0.4. In faɗin rafin mita 2 ne, zurfinsa kuma, bayan ka tsoma sanda a wurare biyar ka haɗa ka raba biyar, ya zo kwatan mita, to abin da ke wucewa lita 200 ne a kowane sakan, jarka takwas ke nan ta lita 25. Ka saki lemon sau uku, kada ka yarda da sau ɗaya.

Sannan ka kafa ƙarfe mai zane a gefe, ka riƙa rubuta tsayin ruwa kullum a lokaci guda. Ni kuskuren da na yi tun ina sabo, ban sa alama a jikin dutse ba. Ambaliya ta tafi da sandar, na kafa wata, lissafin wata huɗu ya ƙi haɗuwa da na baya. Har yau abin na yi mini ciwo.

Wata mai lambu a Bukuru:
Baba, Allah ya ƙara girma, wannan bayani ya yi. Mu nan da kududdufan da Turawa suka bari bayan haƙar kuza muke ban ruwan kabeji da dankali. Ruwan ba ya gudu, sai dai mu duba sauka. Maigidana ya shafa fenti a jikin dutse, duk Asabar yaro ya auna da igiya. A nan muka gane cewa duk makon da masu wankin kuza suka kunna inji, saukar kan ninka ta sauran makonni. Da littafin nan muka zauna da su aka raba kwanaki.

Ma'aikaciyar lafiya daga Gusau:
Yayana mai tambaya, ina roƙonka kada ka tsaya a yawan ruwa kaɗai. Kai ɗan Anka ne, ka san abin da ya faru a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a Anka da Bukkuyum, ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, kafin a kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyen Bagega a 2013. Mafi yawan gubar ta ƙurar niƙan dutse da ƙasar tsakar gida ta shiga jikin yara, amma kududdufan wanki ma sun ɗauka. Na ga uwa ta kawo mini ruwa garau a kwano tana cewa ai tsaf yake. Dalma ba ta da launi a ruwa, zaiba ma haka, tafasawa kuma ba ta fitar da su. Ka ɗebi ruwa a sabuwar gora daga wuraren nan biyu da Baba ya ce, ka rubuta rana da wuri, a kai ɗakin gwaji. A haɗa da lakar ƙasan rafin, don can suke kwanciya.

Wani daga zangon Dunkwa, Ghana:
Mu kogin Offin ne, galamsey, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ya mai da shi kamar koko. Ruwa bai ragu sosai ba, laka ce ta yi yawa. Nakan cika farar kwalba in ajiye ta kwana, da safe in auna lakar da ta kwanta da rula, in ɗauki hoto da waya, kwanan wata na jiki. Bayan ruwan sama lakar kan ƙaru ko ba masu haƙa, saboda haka ina rubuta ranar da aka yi ruwa, kada a ce na yi ƙari.

Ɗan Arlit, Nijar:
Mu ba rafi gare mu ba, ruwanmu na ƙarƙashin ƙasa ne, an fara haƙar yuraniyom a nan a 1971. Igiya da dutse muke zurawa a rijiya, da asuba kafin a fara ja, a rubuta gaba nawa.

Manomin rani daga yankin Anka:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na sami wuri sama da su, kusa da wata tsamiya, akwai dutse da zan yi wa alama. Gobe zan sayi littafi da gora biyu. Baba, tambaya ɗaya: ranar Juma'a sukan kashe injuna tun hantsi su tafi masallaci. In na auna da la'asar, ruwan ya isa ya dawo yadda yake, ko in jira zuwa asubar Asabar kafin su kunna?