Neman kalmar Hausa: mi za mu kira "passable" a takardar sakamako?

Mushe na lise, Tawa:
Salamu alaikum malamai. Tunda dokar Maris 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ko ba daɗe ko ba jima takardun sakamako za su bukaci Hausa. Matakan sakamakon bak, wato jarrabawar gama lise (babbar sakandare), huɗu ne da Faransanci bisa maki 20: passable daga 10 zuwa 11,99, assez bien daga 12, bien daga 14, très bien daga 16. Na sama biyu ba gardama, "da kyau" da "da kyau ƙwarai". Na ƙasan ne ya tsaya mini a wuya. Ina ganin "ba yabo ba fallasa". Mi kuka gani?

Mai fassara a rediyo, Yamai:
Mushe, a baki babu wadda ta fi ta. Amma a takarda tana da matsala biyu. Kalma huɗu ce, ba ta shiga ɗan gurbin da ake barin wa mention, wato sunan matakin. Sannan takardar nan yaro zai kai ta neman aiki har ya tsufa, kuma ido kan "fallasa" yake fara sauka kafin ya ga "ba" ɗin da ke gabanta.

Hajiya mai koyar da Hausa, Yamai:
Gaskiyarka. Kuma a lura, maganganunmu na auna abu kashi biyu ne, ba a haɗa su. Akwai masu faɗin ko abu ya tsallake iyaka: ya yi, ya ci, ya haye, bai kai ba. Akwai masu faɗin darajarsa: kadaran-kadahan, na a zo a gani, bai taka kara ya karya ba. Passable aikin kashin farko take yi, ko da yake mutane sun fi jin ta da ma'anar na biyu. Mai 10,02 ya ci, mai 9,80 bai kai ba. Ka ce wa kowannensu kadaran-kadahan, ba ka yi ƙarya ba, amma ba ka faɗi wanda zai shiga jami'a ba. Shi ya sa irin wannan magana ba ta dace ba. A bar ta wa damina da ciniki.

Mushe na lise, Tawa:
To "dama-dama" fa, Hajiya?

Hajiya mai koyar da Hausa, Yamai:
Ita kuma kwatanci take nema. Ana cewa jiki da dama-dama ne idan jiya ya fi tsanani. Ta dace da ɗalibin da ya tashi daga 7 zuwa 9, alhali har yanzu bai ci ba. Malami ya rubuta ta a gefen kwafi don ƙarfafa gwiwa, wannan daidai ne.

Tsohon sufeto, Tawa:
Ƴan'uwa, kuna neman abin da ke hannunku. Makarantun faranko-arab, masu koyarwa da Faransanci da Larabci, sun daɗe da nasu tsani na Larabci: maƙbul, jayyid, jayyid jiddan, mumtaz. Maƙbul shi ne abin da aka karɓa, wato karɓaɓɓe. Kalma ɗaya, ba zagi ba kirari, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san ta daga "hadisi karɓaɓɓe" da "uzuri karɓaɓɓe". Tiya ce da ta cika daidai baki: mai saye ba ya ƙara godiya, ba ya kuma mayar da hatsin. "Isasshe" kada ma a kawo ta, don a bakin mutane isasshe shi ne mai ji da kansa.

Mai fassara a rediyo, Yamai:
Ranka ya daɗe, na bi ka. Sai dai a tsai da sunan da siffar ke bi, tunda tana sauya jinsi. In an rubuta "sakamako", karɓaɓɓe. In an rubuta "daraja", dole karɓaɓɓiya. In ba a tsayar ba, kowace makaranta za ta buga nata, har wani ya rubuta "daraja: karɓaɓɓe". Ni "sakamako" na zaɓa, don "da kyau" ma tana zama bayansa lafiya. Kuma a duba na'urar bugawa tana da ɓ, sau uku take fitowa a kalmar.

Hajiya mai koyar da Hausa, Yamai:
To tsanin ke nan: karɓaɓɓe, ba laifi, da kyau, da kyau ƙwarai. "Ba laifi" na sa wa assez bien don Bahaushe ba ya cika baki wajen yabo. In dattijo ya dubi gini ya ce ba laifi, magini ya san ya burge.

Tsohon sufeto, Tawa:
Ukun na yarda. "Ba laifi" kam a dakata, Hajiya. Wannan yabon a murya yake, takarda kuwa ba ta da murya, mai karatu zai iya ɗaukar ta ƙasa da karɓaɓɓe. A gwada ta da "da ɗan kyau" wajen iyayen yara, a ba su kalmomin huɗu a cakuɗe, sau ɗaya da "ba laifi" sau ɗaya da "da ɗan kyau", su jera daga ƙasa zuwa sama, wadda suka sa a mataki na biyu ita za a ɗauka.