Gwanjon ɗakunan ajiya a Amurka: abin da aka tattauna

'Yan'uwa, ga abin da na tattaro daga maganganunku kan sayen kaya a gwanjon ɗakunan ajiya, wato ɗakunan da mutane ke haya domin ajiye kayansu.

1. Kowa ya yarda cewa kayan da ke cikin ɗakin da mai haya ya daina biya ne ake sa wa gwanjo. Daga bakin ƙofa za ka leƙa, ba shiga, ba taɓawa. Ka riƙe tocila.

2. Ka yi tayi kan abin da idonka ya gani kawai. Kwalaye jere tsaf da rubutu a jiki alama ce mai kyau. Baƙaƙen ledoji da katifa mai tabo kuwa, ka wuce.

3. Nan aka fi jan kunne: bayan kuɗin tayi akwai la'ada, haraji, hayar mota da kuɗin juji. Galibi kwana 2 ko 3 ake ba ka ka kwashe komai, ka share.

4. Hotunan iyali, fasfo da takardun haihuwa a mayar wa ofishin wurin. Ni ma ina roƙon wannan, domin sau da yawa rashin kuɗi ne ya raba mutum da kayansa.

5. An rabu kan sayarwa. Wasu sun ce a sayar da kayan ta intanet, a shafukan eBay da Facebook, wasu sun fi son kasuwar ƙarshen mako, kuɗi a hannu.