Tsakanin alƙalami da kyamara: mai ƙaramin jari zai iya riƙe su duka?

Mai Tawada ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni marubuciya ce da ke buga littattafanta da kuɗin aljihunta, kuma na jima ina son in mayar da ɗaya daga cikin labaraina fim, in ba da umarni da kaina. Ba ni da kamfani a bayana, jarin da zan iya tarawa kuma kaɗan ne. Abin da ke damuna bai tsaya ga fim na farko ba, domin na ga mutane da dama sun yi guda ɗaya da kyar, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ina son in san yadda waɗanda suka haɗa rubutu da shirya fim suka ɗore shekaru a kai, da kuma ko ɗayan ba ya cinye ɗayan. Ina roƙon masu masaniya su haska mini.

Dattijon Majigi ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Hanyar da kike son bi tsohuwa ce, kuma mutum biyu nake son ki duba rayuwarsu da kyau.

Na farko shi ne Oscar Micheaux, baƙar fatar Amurka da ya yi noma a Dakota ta Kudu kafin ya fara rubutu. Da kansa yake buga littattafansa, ya ɗauke su yana bi gida-gida yana sayar wa manoma da 'yan kasuwa. Da wani kamfani ya nemi ya mayar da littafinsa The Homesteader fim, sai suka kasa daidaitawa a kan irin hannun da zai sa a aikin, shi kuwa ya kafa nasa kamfanin, ya koma wurin irin mutanen da yake sayar wa littafi ya sayar musu da hannun jari. Fim ɗin ya fito a 1919, kuma kafin rasuwarsa a 1951 ya yi fina-finai sama da 40. Tafiyar ba ta zo masa da sauƙi ba, domin kamfaninsa ya karye a 1928 har sai da ya sake ɗaga shi, a shekarun 1940 kuma ya koma rubutun littattafai kafin ya yi fim ɗinsa na ƙarshe a 1948. Abin da ya fi jan hankalina a rayuwarsa shi ne ya san masu sayen aikinsa ido da ido tun kafin ya taɓa kyamara, saboda haka littafin ya ba shi labari, ya kuma ba shi jama'a.

Na biyu shi ne Ousmane Sembène na Senegal, wanda ya yi aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille a Faransa, ya fitar da littafinsa na farko a 1956. Ya lura cewa mutanen da yake rubutu dominsu yawancinsu ba sa karanta Faransanci, sai ya tafi Mosko ya koyi aikin fim yana dab da shekara 40. Ya fara da Borom Sarret a 1963, gajeren fim ne na kimanin minti 20 a kan mai keken doki a Dakar, sannan a 1968 ya mayar da labarinsa na Le Mandat zuwa fim ɗin Mandabi da harshen Wolof. Bai ajiye alƙalami ba bayan ya shiga fim, Xala ma sai da ya fito a littafi kafin ya zama fim. A ganina ɗayan ba ya cinye ɗayan, matuƙar mutum ya san dalilin da ya sa wannan labarin yake bukatar a gan shi da ido.

Mai Haɗa Hoto ya amsa:

Baba Dattijo, Allah ya ƙara lafiya, na yarda da bayaninka, sai dai ina son in ja hankalin Malama ga ɓangaren da ke kashe masu ƙaramin jari, wato abin da ke biyo bayan ɗaukar hoto.

Ana yawan kafa misali da Robert Rodriguez, Ba'amurken da ya ɗauki fim ɗin El Mariachi da kimanin dala 7,000, ya kuma rubuta littafi a kan yadda ya yi. Gaskiya ne ya yi dabara ƙwarai, domin ya rubuta labarin ne a kan abubuwan da ya san zai samu kyauta, ya zauna a keken guragu ana tura shi don kyamara ta yi tafiya sumul, ya kuma samo wani ɓangare na kuɗin ta hanyar ba da kansa a gwajin magani. Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafin fim ɗin ya shiga sinima sai da kamfanin Columbia ya kashe abin da ya ninka wancan kuɗi sau da yawa wajen gyaran sauti da hoto da talla. Wanda ya ji dala 7,000 ya ɗauka nan lissafi ya ƙare, zai tsinci kansa da hotuna cike da kwamfuta babu kuɗin kammalawa.

Sauti shi ne wurin da na fi ganin ana yin asara. Mai kallo yana yafe hoto mai ɗan duhu, amma ba ya jure maganar da ba ya ji. Na taɓa karɓar aikin da aka ɗauki fitowa mafi muhimmanci a ɗakin da firji ke kunne, 'yar wasan ta yi kuka na gaske, hawaye na zuba, amma gurnanin firjin ya hau kan kowace kalma, kuma ko da aka dawo da ita ta sake faɗin maganganun a ɗakin naɗar murya, muryar ba ta sake karyewa kamar ranar farko ba. Da an samu mutum ɗaya da aikinsa kawai ya sa na'urar sauraro a kunne, da ya ce a kashe firjin kafin a fara.

Sai kuma haƙƙin mallaka, wanda nake roƙon Malama ta ɗauke shi da muhimmanci fiye da kyamara. Ba'amurke Charles Burnett ya yi fim ɗin Killer of Sheep a ƙarshen shekarun 1970 da kuɗi kaɗan, masana suka yaba, amma bai samu fitowa kasuwa yadda ya kamata ba sai 2007, saboda ba a sayi izinin waƙoƙin da ke ciki ba. Night of the Living Dead na George Romero, wanda ya fito a 1968, ya tara kuɗi masu yawa, amma da masu rarrabawa, wato kamfanin da ke kai fim sinimomi, suka canja masa suna sai aka bar alamar haƙƙin mallaka a waje, dokar Amurka ta lokacin kuma ta mayar da shi na kowa, waɗanda suka sha wahalar yin sa suka samu abin da bai taka kara ya karya ba. Ke da labarin naki ne, kin riga kin tsallake babban shinge. Ki tabbata kowane ɗan wasa da mai kiɗa da mai gidan da aka yi ɗauka a cikinsa ya sa hannu a takarda, kuma duk yarjejeniyar da za ki yi da mai rarrabawa ta kasance da wa'adi da iyakar ƙasashen da ta shafa, domin tsofaffin ayyukan da suka dawo hannun mai su ne ke ɗaukar nauyin sababbi.

Uwar Labari ta amsa:

Ƙanwata, ni ta fuskar rubutu zan yi magana, kuma a nan ina da ɗan saɓani da Baba. Yana yiwuwa ɗayan ya cinye ɗayan, domin littafi yana son kaɗaici da natsuwa, fim kuwa yana son ki wuni kina kiran waya, kina lallashin ɗan wasan da ya aske gemunsa ana tsakiyar aiki. Sai kin raba musu lokaci da gangan, in ba haka ba fim zai kwashe shekarar gaba ɗaya.

Marubuci kuma yakan zama mai tausayin littafinsa fiye da kima. A ƙa'idar da aka saba, shafi ɗaya na rubutun fim yana daidai da kusan minti ɗaya a allo, don haka fim na awa ɗaya da rabi shafi 90 ne ko kusa da haka. Shafukan da jarumarki ke zaune tana saƙe-saƙe a zuci, waɗanda wataƙila su ne kika fi so, dole su koma abin da hannu ke yi ko fuska ke nunawa, ko kuma su fita. Ki zaɓi labarin da ke da mutane kaɗan da wurare kaɗan, ko da ba shi ne ya fi karɓuwa a wurin masu karatu ba.

Mai Tawada ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Uwar Labari, maganarki ta sa na sake duba littafin da na yi niyya, na ga akwai taron jama'a da tafiye-tafiye da jarina ba zai ɗauka ba. Ina da gajeren labari na mutum uku a gida ɗaya, kuma ina ganin da shi zan fara. Malam Mai Haɗa Hoto, kashi nawa na jarin ya kamata in ware wa aikin bayan ɗauka?

Mai Haɗa Hoto ya amsa:

Malama, kada ki fara da kashi, ki fara da tambayar masu aikin. Tun kafin ki sa ranar ɗauka ki je wurin wanda zai haɗa hoto da wanda zai gyara sauti da mai kiɗa, ki nuna musu rubutun, kowa ya rubuta miki abin da zai karɓa, ki haɗa da kuɗin fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo da na aikawa bukukuwan fina-finai in kina da wannan niyya. Ki cire jimillar ki ajiye ta inda hannunki ba zai kai ba ranar da aiki ya matse, abin da ya rage shi ne zai faɗa miki kwana nawa za ki iya ɗauka. Idan kin gama rubutun, ki sanar da mu a nan, zan karanta in nuna miki fitowar da za ta ba da wahala wajen sauti.