Danyar kakana: in yawaita ta ita kaɗai ko in haɗa da wasu?

Mai Danya:
Assalamu alaikum. Akwai wata danya a gonar da na gada, ko kakana a tsaye ya same ta. 'Ya'yanta sun fi na kowace danya da na sani girma, ga ruwa, ga ƙarancin tsami. Bara iska ta karya mata babban reshe, sai gabana ya faɗi, don idan ta mutu irinta ya tafi ke nan. Niyyata in sari rassa ashirin daga jikinta in kafa da damina. Akwai kuma wasu biyu a gefe, juya ne, ban taɓa ganin ɗa ko ɗaya a kansu ba, ina so in sare su in samu fili. Me kuka gani?

Ɗan Gandu:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye gatarin nan tukuna! Waɗannan biyun da wuya su zama juya, maza ne. Danya irin kanya ce, namiji daban mace daban. Ƙudan zuma ke kwaso garin furen namijin ya kai wa macen. Ka sare su, wataƙila tsohuwar taka ta yi ta fure a banza.

Uwar Biyu:
Ɗan Gandu ya yi gaskiya. Ni maganar rassan ce ta tsaya mini. Danya tana kamawa daga reshe, amma rassa ashirin daga uwa ɗaya bishiya ɗaya ce a wuri ashirin. Cutar da ta iya da ɗaya ta iya da duka. Haka aka yi da ayabar Gros Michel: a da ita ce ayabar kasuwar duniya, duk jini ɗaya, cutar Panama ta cinye gonakinta a shekarun 1950, dole aka koma wani irin ayaba mai suna Cavendish.

Kafa biyar ko shida daga ta kakanka. Sauran filin ka shuka ƙwallaye daga itatuwa da yawa masu nisa da juna, kamar talatin in ka samu, don na kusa galibi 'yan uwa ne. Kada ka tsinci masu zaƙi kawai. Wata mai tsamin ita ce mai jure fari. Ka riƙa rubuta uwar kowace a littafi, mantuwa ba ta sallama.

Mai Danya:
Hajiya, na gode. To amma na ƙwallo ai ba na sanin namiji ne ko mace sai ya yi fure, shekaru ke nan ina ban ruwa.

Uwar Biyu:
Haka ne, kuma kusan rabi maza za su fito. In sun yi yawa ka yi musu aure da reshen tsohuwar, yadda ake yi wa mangwaro, ka bar kaɗan a mazansu.

Mai Danya:
To, gatari ya koma rataye. Ƙwallayen ne zan fara nema da zarar sun fara zuba.