Blues da Hausa: ina ganin mu ce kiɗan huce takaici

1/ 'Yan'uwa masu fassara da ma'aikatan rediyo, muna neman sunan da za mu ba kaɗe-kaɗen gospel da blues na baƙaƙen Amurka da Hausa. Gospel ba ta ba mu wuya ba, Kiristoci Hausawa sun daɗe da cewa waƙoƙin bishara, mu bi su kawai. Blues ce ta zame mana ƙarfen ƙafa. In ka rubuta ta yadda ake furtawa sai ta koma bulus, mai karatu ya ɗauka kayan banza aka samu, ko kuma sunan mutum ne.

2/ Wani malami ya ce kiɗan shuɗi, saboda blue da Turanci shuɗi ne. Allah ya gafarta Malam, shuɗi a wurinmu aikin marina ne, ba ya nuna damuwa. Waƙar bege kuwa tana da masu ita, sha'irai.

3/ Mafi yawanku kun zaɓi waƙar baƙin ciki, kuma a nan ne na fi ja. Gaskiya ne a cikin wahala aka haifi kiɗan nan, a gonakin audugar Misisipi a kudancin Amurka, wajen ƙarshen ƙarni na 19, a bakin 'ya'ya da jikokin bayi. An ce an 'yanta su, amma bashin mai gona da dokokin wariya sun ɗaure su tamau. To amma wanda ya wuni yana tsinkar auduga, ranar Asabar da dare rawa yake takawa da wannan kiɗan. Mawaƙi zai jefa baiti, ya sake maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya warware maganar. A tsakani jita ce ke yi masa amshi, wani ma wuyan kwalba yake sa wa yatsa yana goga tsirkiya har ta yi kuka. Wanda ya taɓa jin mace tana waƙar niƙa, tana amayar da abin da ke cinta dutse na tafiya, ya san abin da nake nufi. Ana faɗin ciwon ne don a samu sauƙinsa.

4/ Shi ya sa na ce kiɗan huce takaici. Sunan ya ɗauki mawaƙiya Mamie Smith da faifanta na 1920, ya kuma ɗauki makaɗi Muddy Waters da ya bi ayarin masu ƙaura zuwa birnin Shikago a 1943 ya koma kaɗa jitar lantarki, wadda masu kiɗan rock na Ingila suka kwaikwaya daga baya.

5/ Kuma kada mu raba shi da bishara da nisa. Thomas Dorsey, wanda ake kira uban waƙoƙin bishara na baƙaƙen Amurka, makaɗin blues ne tun farko. A 1932 matarsa ta rasu wajen haihuwa, jaririn ma ya bi ta, ya zauna ya rubuta waƙar da mawaƙiyar bishara Mahalia Jackson ta rera a jana'izar Martin Luther King, jagoran neman 'yancin baƙaƙe, a 1968. Takaicin da wani ya kai dandalin rawa, shi kuwa Dorsey coci ya kai nasa.

6/ Masu shirin kiɗa, ku gwada shi a iska wannan makon: ku ambaci blues sau ɗaya, sannan ku ci gaba da kiɗan huce takaici, mu ji ko zai zauna a bakin masu sauraro.