Ta yaya mutum zai fi kowa ƙuri'u a Amurka, kuma ya faɗi zaɓe?

Ɗalibi:

Assalamu alaikum. Malamai, akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai. A 2016 Hillary Clinton ta fi Donald Trump ƙuri'a kusan miliyan 3, amma shi aka rantsar. A 2000 ma haka aka yi wa Al Gore. Da ka tambaya sai a ce maka "ai kwalejin zaɓe ce", a wuce wurin. Wace irin kwaleji ce, su wa ke cikinta, wa ya naɗa su? Sannan me ya sa lokacin kamfe ba ka jin sunan ko'ina sai Pennsylvania da Jojiya da Michigan, kamar sauran jihohin babu mutane? Ga kuma jinkirin ƙirge: ƙasa mai wannan ƙarfin fasaha, a 2020 sai da aka kwana huɗu kafin a san wanda ya ci. Don Allah a warware min dalla-dalla.

Malam Mai Alli:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara cire kalmar kwaleji daga ranka. Babu gini, babu aji, kuma mutanen ba sa ma haɗuwa a wuri guda. Wakilai ne 538, aikinsu na yini ɗaya, a hannunsu doka ta sa zaɓen shugaban ƙasa.

Ga inda adadin ya fito. Kowace jiha tana da wakilai daidai da kujerunta a majalisun tarayya biyu. Majalisar Wakilai kujera 435 ce, ana raba su bisa yawan jama'a bayan ƙidayar da ake yi duk shekara 10. Majalisar Dattawa kujera 100, biyu ga kowace jiha komai ƙanƙantarta. Sai 3 na babban birnin ƙasa, Washington, da aka ƙara da gyaran kundin tsarin mulki na 23 a 1961. Ka tara, 538. Rabi 269 ne, kuma sai ɗan takara ya haura rabi yake cin zaɓe, shi ya sa kake jin ana ta maganar 270. Bayan ƙidayar 2020 Kalifoniya na da 54, Texas 40, Florida 30, New York 28, ƙananan jihohi irin su Wyoming da Vermont 3 kowace.

Kowace jam'iyya a kowace jiha ita ke tsara jerin nata wakilan tun kafin zaɓe, galibi daga 'yan gani-kashe-ninta: shugabannin jam'iyya, 'yan majalisar jiha, tsofaffin 'yan gwagwarmaya. Tsarin mulki ya hana sanata ko ɗan Majalisar Wakilai ko mai riƙe da muƙamin gwamnatin tarayya shiga jerin. Mai jefa ƙuri'a yana ganin sunan ɗan takara a takarda, amma a doka jerin wakilan jam'iyyar wannan ɗan takarar yake zaɓa.

To ga inda gizo ke saƙa. A jihohi 48 da birnin Washington, wanda ya zo na ɗaya, ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce, shi ke kwashe wakilan jihar duka. Na biyu ya tashi a tutar babu. A 2020 Trump ya samu ƙuri'a sama da miliyan 6 a Kalifoniya, fiye da abin da ya samu a Texas ma, amma ko wakili ɗaya bai fita da shi daga can ba. Joe Biden ya samu sama da miliyan 5 a Texas, shi ma haka. Saboda haka ba zaɓe ɗaya ake yi a ranar ba, zaɓe 51 ne, kuma jimillar ƙuri'un ƙasa da kake gani a talabijin ba ta da wani matsayi a doka.

Da wannan sai 2016 ta fito fili. Tazarar Clinton a Kalifoniya kaɗai ta haura miliyan 4, wato ta fi tazararta a ƙasar baki ɗaya. Duk wannan rarar ba ta ƙara mata wakili ko ɗaya ba. Shi kuwa Trump ya ci Michigan da ƙuri'a 10,704, Wisconsin da 22,748, Pennsylvania da 44,292. Ƙasa da dubu 80 ke nan a haɗe, suka ba shi wakilai 46. Na 2000 ya fi wannan tsanani: Gore na gaba da fiye da rabin miliyan a ƙasa, George W. Bush ya ci Florida da ƙuri'a 537 bayan Kotun Ƙoli ta dakatar da sake ƙirge a 12 ga Disamba, ya tashi da wakilai 271.

Ranakun kuma a ƙayyade suke. Jama'a na zaɓe ranar Talatar da ta biyo bayan Litinin ta farko a Nuwamba. Wakilai na zama a jihohinsu a tsakiyar Disamba, a 2024 ranar 17 ga wata ce. Majalisun biyu su ƙirga a 6 ga Janairu, a yi rantsuwa 20 ga Janairu.

Mai Bin Diddigi:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara basira, amma ya tsallake abin da ni nake ganin shi ne rashin adalcin. Kujeru biyun nan na Dattawa suna ba ƙananan jihohi nauyin da ya wuce girmansu. Wyoming mutum kusan dubu 577 ne da wakilai 3, wato wakili ɗaya ga mutum dubu 192. Kalifoniya miliyan 39 da rabi da wakilai 54, wakili ɗaya ga mutum sama da dubu 730. Kusan ninki huɗu. Kuma asalin tsarin ma ba mai tsabta ba ne. A taron rubuta kundin tsarin mulki da aka yi a Philadelphia a 1787 jihohin kudu sun sa an ƙirga kashi 3 cikin 5 na bayinsu wajen raba kujeru, bayin da ba su da ƙuri'a, sai iyayen gijinsu suka samu ƙarin wakilai a kansu. Ga mutanen Puerto Rico, tsibirin da ke ƙarƙashin Amurka, sama da miliyan 3, 'yan ƙasa ne amma ba su da wakili ko ɗaya har yau.

Malam Mai Alli:

Tarihin da ka kawo haka yake, Malam, lissafinka ma daidai ne. Inda muka rabu shi ne ba wannan ke kayar da mai rinjaye ba. Duba masu wakilai 3: Wyoming, Alaska, North Dakota da South Dakota na jam'iyyar Republican ne, Vermont, Delaware da birnin Washington na jam'iyyar Democrat. Kusan sun cinye juna. Kuma wa ke zuwa kamfe Wyoming? Ba kowa, kamar yadda ba mai ɓata kuɗin talla a Kalifoniya, don an riga an san inda suka dosa. Da Wyoming da Kalifoniya duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Masu cin moriyar tsarin su ne jihohin da jam'iyyun biyu ke kankankan, waɗanda ake kira jihohin raba gardama. A 2024 bakwai ne: Pennsylvania mai 19, Jojiya da North Carolina 16 kowace, Michigan 15, Arizona 11, Wisconsin 10, Nevada 6. Wakilai 93. Trump ya share su duka, ya tashi da 312, Kamala Harris 226, kuma a karon nan shi ya fi yawan ƙuri'un jama'a. Jerin yana sauyawa. Ohio da Florida su ne fagen dagar da, Barack Obama ya ci su sau biyu, yanzu sun karkata ga Republican. Jojiya kuwa tun 1992 rabon da Democrat ta ci ta, sai 2020 da tazarar 11,779.

Amsar tambayarka ta biyu ke nan, Ɗalibi, kuma tana shafar abin da 'yan takara ke faɗa. Shi ya sa haƙar iskar gas ta Pennsylvania da masana'antun motoci na Michigan ke zama maganar ƙasa. Shi ya sa kuma Larabawa da Musulmin Michigan suka zama abin nema a 2024, duk da ba su da yawa a ƙasar. A zaɓen fitar da gwani na Democrat a watan Fabrairun shekarar, sama da mutum dubu 100 a jihar suka zaɓi gurbin "ba mu tsayar da kowa ba" don nuna fushi kan yaƙin Gaza. A Nuwamba Trump ya zo na ɗaya a Dearborn, garin da Biden ya ci da gagarumar tazara shekara huɗu kafin nan. Da waɗannan mutanen a New York suke zaune, da ba wanda zai taka ƙafa ya je rarrashinsu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, dokar kwashe-duka ba ta cikin kundin tsarin mulki. Majalisar kowace jiha ce ke da ikon tsara yadda za ta raba wakilanta. Maine da Nebraska suna ba wanda ya ci jihar wakilai 2, sauran kuma a bi mazaɓa-mazaɓa. Da haka Harris ta ciri ɗaya a yankin Omaha na Nebraska, Trump ya ciri ɗaya a arewacin Maine. Sauran jihohin sun ƙi bi, don jam'iyyar da ke riƙe da jiha ba za ta yanka wa abokiyar hamayya kaso da hannunta ba.

'Yar Jarida:

Bari in ɗauki maganar ƙirge, tunda malamai sun bar ta. Amurka ba ta da hukumar zaɓe ta ƙasa da ke tattara sakamako ta sanar. Hukumar tarayya da ke ɗauke da sunan zaɓe harkar kuɗin kamfe kawai take dubawa. Jihohi ke kafa doka, gundumomi da garuruwa ke gudanarwa. A Wisconsin kaɗai akawunan garuruwa sama da 1,800 ne ke riƙe da aikin. Sanarwar da kake ji cikin dare cewa wane ya ci jiha kaza ta kafafen labarai ce, musamman kamfanin dillancin labarai na AP, idan lissafinsu ya nuna ƙuri'un da suka rage ba za su cike tazarar ba. Suna iya kuskure. A daren zaɓen 2000 gidajen talabijin sun ba Gore Florida, suka janye, suka ba Bush, suka sake janyewa.

Abin da ke cin lokaci ƙuri'ar gidan waya ce, ba na'ura ba. Kowane ambulan sai an duba sunan mai shi a rajista, a wasu jihohin a gwada sa hannunsa da na fayil, a tabbatar bai yi zaɓe a rumfa ba, a buɗe, a zaro takardar, a miƙar da lanƙwasarta, kafin ta shiga na'ura. Florida na barin ma'aikata su fara wannan makonni kafin ranar zaɓe, shi ya sa sakamakonta ke fita a daren. Pennsylvania ta hana taɓa ambulan sai ƙarfe 7 na safiyar ranar zaɓe, Wisconsin ma sai ranar. A 2020, saboda annobar korona, sama da kashi 40 cikin 100 na masu zaɓe ta gidan waya suka yi, kuma mafi yawansu magoya bayan Democrat ne, don Trump ya yi ta kushe hanyar. Sai aka fara ƙirga na rumfa, Trump ya yi gaba, da aka shiga ambulan tazarar ta riƙa narkewa har Asabar 7 ga Nuwamba, ranar da aka sanar Biden ne ya ci. Wanda bai san jerin aikin ba zai rantse aringizo aka yi. Jojiya ta sake ƙirga ƙuri'u kusan miliyan 5 da hannu, sakamakon bai juya ba.

Sai ka ƙara da girman tazara. In ta yi faɗi, ba sai an jira ragowar ba. A 2024 kafin gari ya waye ranar Laraba an san wanda ya ci, alhali Kalifoniya ta yi makonni tana ƙirge.

Ɗalibi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura biyu. In wakili ya ci amana ya zaɓi wani fa? Kuma in aka yi 269 da 269?

'Yar Jarida:

Cin amana na faruwa, ƙanena, amma bai taɓa sauya wanda ya zama shugaba ba. A 2016 wakilai 7 suka kauce, 5 daga ɓangaren Clinton, 2 daga na Trump, shi ya sa wakilai 306 na Trump da 232 na Clinton suka koma 304 da 227. Jihar Washington, wadda daban take da babban birnin, ta ci nata wakilan tarar dala 1,000 kowanne, suka kai ƙara, a Yulin 2020 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jiha na da ikon tilasta wa wakili bin zaɓin jama'arta. Jihohi da dama yanzu soke ƙuri'ar suke yi nan take su sa wani a gurbinsa. Bayan harin da aka kai majalisa a 6 ga Janairun 2021 kuma an yi doka a 2022 da ta fayyace cewa mataimakin shugaban ƙasa jagorantar zaman ƙirge kawai yake yi, ba shi da ikon watsi da ƙuri'ar wata jiha, kuma ba a sauraron ƙorafi sai kashi ɗaya cikin biyar na kowace majalisa sun sa hannu.

Kunnen doki kuwa saura ƙiris a gan shi a 2020. Biden ya fi da ƙuri'a miliyan 7 a ƙasa, amma tazararsa a Arizona da Jojiya da Wisconsin a haɗe kusan dubu 43 ce. Da waɗannan ukun sun juya, 269 da 269 za a tashi. In haka ta faru, sabuwar Majalisar Wakilai ce ke zaɓa daga cikin 'yan takara uku na sama, sai dai ba kowane ɗan majalisa da ƙuri'arsa ba. Kowace jiha ƙuri'a ɗaya: 'yan majalisa 52 na Kalifoniya ɗaya, ɗan majalisa tilo na Wyoming ɗaya, ana neman jihohi 26. A nan ne maganar Mai Bin Diddigi ke da cikakken ƙarfi. Jihar da 'yan majalisarta suka rabu daidai wa daida ta yi asarar ƙuri'arta. Dattawa kuma su zaɓi mataimaki daban, don haka shugaba na iya fitowa daga wata jam'iyya, mataimakinsa daga wata. Rabon da majalisa ta zaɓi shugaba tun 1825, lokacin da ta ɗauki John Quincy Adams ta bar Andrew Jackson, wanda ya fi shi ƙuri'un jama'a da na wakilai duka.