Wai Turawa ne suka danne tarihin gininmu?

Ɗan Bukuru: Jama'a ni fa jiya na shiga MOTNA, gidan tarihin gine-ginen gargajiya ɗin nan na Jos, na tsaya ƙarƙashin bakan gizon masallacin Zariya da aka kwaikwaya, wato ginin da aka lanƙwasa yake riƙe da rufi, wallahi raina ya ɓaci. Shekara huɗu ina karatun akitekca, ilimin zanen gine-gine, Girka da Rum muka yi ta haddacewa, Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina asalin masallacin wajen 1830 zuwa 1840 ko layi biyu bai samu a handawut ɗinmu ba. Turawa sun danne mu kawai.

Kawu Injiniya: Ɗana a hankali. Wa ya auna gine-ginen ya zana su har aka samu abin kwaikwaya a wurin? Dmochowski ne, Bature ɗan ƙasar Polan, shekaru ya yi yana yawo da tef, littafinsa mujalladi 3 ya fito 1990. Mu me muka rubuta?

Malama: Kawu da girmanka, mutum ɗaya ba ya wanke sauran. Littafin tarihin akitekca na Banister Fletcher, Baturen Ingila, da ya fara fitowa 1896, wanda har yau yana laburare, a wani bugu da ya biyo baya ya zana bishiyar salon gine-gine, gangar jikinta Turai ce, ginin Indiya da Sin da Japan kuma ya kira su salon da ba na tarihi ba. Kuma ka tuna Great Zimbabwe, tsohon birnin nan na duwatsu a ƙasar Zimbabwe, cewa aka yi ba baƙar fata suka gina ba, sai Gertrude Caton-Thompson ta yi haƙa a 1929 ta ce 'yan Afirka ne, amma gwamnatin Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yanzu, ta ci gaba da musu har shekarun 1970.

Kawu Injiniya: To ita ma ai Baturiya ce 😂

Malama: Kawu kenan, ba ka faɗuwa ƙasa.

Ɗan Bukuru: Dama ni abin da nake nufi wa ke riƙe da alƙalami.

'Yar Naraguta: Ku yi haƙuri yayyena, ni tawa ƙorafin a gida take. Tun ɗazu Zariya, Gidan Rumfa, Gobarau, kullum fada da masallaci. Muna zaune a Filato fa, wa ya taɓa koya mana yadda Berom ko Ngas ke gina rumbu, ko yadda suke shinge da kyarana su kewaye gida? Kuma kakata ita da matan unguwa suke daɓe, a zuba tsakuwa a yi ta buga madaɓi ana waƙa, a jiƙa da ruwan makuba, ɗakin nata har yanzu sumul kamar siminti. Duk abin da na karanta maza magina ake lissafawa, tubali da azara da zanko, matan ko a gefen shafi.

Kawu Injiniya: Daɓe ai ba akitekca ba ne 'yata, aikin gamawa ne.

'Yar Naraguta: To ai irin kallon da Fletcher ma ya yi wa ginin Indiya da Sin kenan Kawu.

Malama: Kai! Wannan ta shiga 😂 Kuma ku lura, ginin ƙasa sai da Francis Kéré ɗan Burkina Faso ya ci Pritzker, babbar kyautar akitekca ta duniya, a 2022 sannan 'yan Maitama suka fara cewa yana da sanyi.

Ɗan Bukuru: Ni dai Asabar zan koma da kyamara, bangon ganuwar Kano ɗin da ke wurin damina tana cinsa. Wa zai zo?

Kawu Injiniya: Ku biyo ta Rayfield ku ɗauke ni, zan taho da tef ɗina.